Ina Magana da Dutsen Guga, Ɗana Ya Ce Na Zautu

Malama, don Allah ki taimake ni, daɗi da baƙin ciki sun haɗe mini wuri ɗaya! Ni tela ce, a kan keke na tsufa. Bara mantuwa ta sako ni gaba. Sai in yi ta neman almakashi alhali yana hannuna, har na taɓa ɗinka wa riga ɗaya hannun dama biyu. Sai wata ma'aikaciyar asibiti ta sa ni a ajin motsa ƙwaƙwalwa na tsofaffi. Kai, abin sai wanda ya gani! An koya mana duk abin da muka yi mu faɗe shi da ƙarfi, kunne ya ji. Yanzu in na kashe dutsen guga sai in sanar, in na kulle shago in sanar. Wallahi yana aiki! Rabon da in juyo daga hanya don duba ƙofa har na manta, kuma irin wannan mantuwar kam ina sonta.

To, matar babban ɗana ta leƙo shago ta tarar ina yi wa dutsen guga magana. Ta kai wa mijinta, shi kuma ya yanke cewa na fara zautuwa, wai zai sayar da keken in zauna gida in huta. In aka raba ni da keken nan, an gama da ni. Na yi bayani har na gaji, kallon tausayi kawai yake mini. Yaya zan yi?

Tsohuwar Tela

Mama, barka da wannan nasara, na taya ki murna sosai! Ki ci gaba da abinki, faɗin abu da baki yana sa hankali ya tsaya a kansa.

Amma ki yi wa ɗanki adalci. Ya ga lokacin da kike fama, bai ga ajin ba, tsoro ne ya kama shi. Ki daina bayani, tunda wanda ya riga ya tsorata ko gaskiyarki ciwo zai ɗauke ta. Ki ce ya raka ki wurin likita a duba ki da kyau, don wata mantuwar tana da dalilin da magani ke gyarawa, kuma ki yarda da abin da aka gano. Daga nan ki ja shi ajin, ki zaunar da shi a gaba. In ya ji ɗaki guda na dattawa suna sanar da cewa sun kulle ƙofa, ko ya ce duk sun zautu, ko ya ba uwarsa haƙuri.

Allah ya ƙara lafiya, ya bar ki da sana'arki.