Ƙuri'a Ɗaya Ta Hana Lamont Shiga Zauren Gwarzaye

Anti Maxine, don Allah ki taimake ni. Shekarata sittin da uku, amma mako uku ke nan ina kuka a mota kafin in shiga gida.

Ni ɗan jarida ne, shekara talatin da biyar ina rubuta labarin besbol, wasan ƙwallon sanda na Amurka, kuma ina cikin masu zaɓen tsofaffin 'yan wasan da za a sa a Zauren Gwarzaye. Kin san dokar: suna goma kacal a takarda, sai mutum ya sami kashi saba'in da biyar cikin ɗari, kuma shekara goma ake ba shi, in bai shiga ba a cire sunansa. Bana ce shekarar Lamont Askew ta goma.

Na san Lamont tun yana ƙaramar ƙungiya, muna raba burodi a bas. Shekara goma sha bakwai yana tsugune bayan mai dukan ƙwallo yana cafkewa, har gwiwoyinsa suka tashi aiki. Yanzu da baya yake sauka daga bene. Ba ya kirana da sunana, sai dai Mai Biro, wai ban taɓa buga ƙwallo ba amma na fi kowa sanin yadda ake buga ta. Duk Lahadi bayan coci a gidansa nake cin soyayyiyar tarwaɗa. Sau tara ina zaɓensa, sau tara ina buga takardata a jarida kowa ya gani.

A watan Disamba na duba ƙuri'un da aka riga aka bayyana, na ga ya haura kashi tamanin. Na ce shi ke nan, Lamont ya shige. Ga kuma wani, Nestor Quiles, da nake tsoron ba zai kai kashi biyar ba, a jefar da shi tun shekarar farko. Gurbi ɗaya ya rage mini. Sai wayon banza ya kama ni, na ba Quiles gurbin Lamont, ban buga takardar ba, na ce wa mutane na gaji da zagin intanet. Na manta abin da ni kaina na sha rubutawa, cewa masu ɓoye ƙuri'arsu sun fi rowa.

Mu ɗari uku da tamanin da takwas muka yi zaɓe. Ana neman ɗari biyu da casa'in da ɗaya, Lamont ya sami ɗari biyu da casa'in. Shi kuwa Quiles talatin da ɗaya ya samu, ashe ko kusa ba ya bukatar tawa. Garin gyaran gira na rasa ido.

Ina falon Lamont ranar, muna jiran wayar albishir da ba ta zo ba. Mahaifiyarsa, Mama Odessa, mai shekara tamanin da shida, har ta sayi hular da za ta sa a bikin shigar da gwarzaye na watan Yuli. Ta tashi ta mayar da ita kwali. Lamont ya dafa kafaɗata ya ce, Mai Biro, kai kaɗai ne ban taɓa shakkarka ba. Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige.

Yanzu yana so in rubuta dogon sharhi don jan hankalin kwamitin dattawa, mai sake duba waɗanda aka bari, amma ba za su zo kan zamaninsa ba sai nan da shekara uku. Mama Odessa kuwa sai a hankali. Ba wanda ya san ban zaɓe shi ba, ba kuma wanda zai sani. In faɗa masa in ƙara masa ciwo, ko in yi shiru in yi masa aiki? Har yanzu duk Lahadi ina cin abinci a gidansa.

Mai Biro, daga Toledo

*

Mai Biro, sannu. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma na tausaya maka.

Bari in fara rage maka kaya. Mutum casa'in da takwas ne ba su zaɓe shi ba, kai ɗaya ne a cikinsu. Ba ƙiyayya ta sa ka ba, tausayin wani ne da lissafin da ya kwance. Ni ma na ga amfanin shirun: zai kare Lamont daga sabon ciwo, ya bar masa aboki a lokacin da ya fi bukatarsa.

Amma sauran casa'in da bakwai ba sa cin tarwaɗa a gidansa. Kuskuren Disamba ya wuce, da na sani ƙeya ce. Abin da kake yi duk Lahadi shi ne sabon laifi, domin yana gode maka kan abin da ba ka yi ba, kai kuma kana karɓa. Kuma ka daina cewa ba wanda zai sani. Mutumin da ya yi shekara goma sha bakwai yana karanta fuskar masu dukan ƙwallo, wata rana zai tambaye ka me ya sa bana kaɗai ka ɓoye takardarka.

Ka je ka same shi kafin ka rubuta ko layi ɗaya. Kada ka zaɓi Lahadi, kada ka yi a gaban Mama Odessa. Ka ce masa, ban zaɓe ka ba, na ɗauka ka riga ka shige, na yi kuskure. Ka tsaya nan. Kada ka jero masa alƙaluma, kada ka roƙi gafara a take, ba aikinsa ba ne ya lallashe ka. Ko mahaifiyarsa za ta ji, ko duniya za ta ji, shi zai yanke.

Sharhin kuwa ka rubuta shi ko yana kula ka ko ba ya kula ka, domin ya cancanta.

Ba zan yi maka ƙarya ba, yana iya rufe maka ƙofa, wataƙila har abada. In ya rufe, ka haƙura. In ya buɗe, to kai ɗin ya buɗe wa, da laifinka da komai. Allah Ya ba ka ƙarfin zuciya, Ya ja da ran Mama Odessa. Ka kira shi yau.

Anti Maxine