Buhunan da Aka Kawo Mana Ɗinki

Zuwa ga 'yata Auta,

Ina miki sallama, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya tsare min ku. Mu nan lafiya, sai gwiwar nan da ba ta jin magani. Malama maƙwabciyata ce ke rubutawa, na ce kar ta gyara min baki.

Yayanki ya ce kuna shirin dawowa, wai maigidanki ya samu aiki a masana'antar bayan layin dogo. Gaskiya gari ya yi kyau. Tunda suka bar ƙera garma suka koma ƙananan jiragen yaƙin nan marasa matuƙi, an zuba kwalta har ƙofarmu, wuta ba ta ɗaukewa, mai gyaran takalmi ma ya yi shagon gilashi. Kullum da hantsi sai sun gwada jiragen a saman gidajenmu, har kajina sun daina ƙwai.

Mu tsofaffi masu keken ɗinki ma an ba mu aiki. Da farko murfin jiragen muke ɗinkawa. Makon jiya mai kawo aikin ya zo da baƙar leda mai kauri da dogon zif, wai buhunan kaya ne, a yi da yawa, a yi da sauri. Na auna da hannuna, kamu huɗu cif. Na ce, "Ɗan nan, wane kaya ne mai kafaɗa?" Ya ce na cika tambaya, amma bai kalle ni ba.

Auta, na taɓa ɗinka irinsu. Kina goye a lokacin, babanki yana aikin harsashi a tsohuwar masana'anta. Sannan ma gari ya yi kyau, har rediyo ya saya min. Da tanti muka fara, da waɗannan muka ƙare. Ba a yi wata biyu ba aka sako wa masana'antar wuta daga sama, don waɗanda ake yaƙi da su ma sun san inda ake ƙerawa. A cikin buhun da na ɗinka aka kawo min babanki. Na gane, don ni kaɗai ke ninka bakin zif sau biyu.

Kar ku zo. Ku zauna inda kuke, ko da ƙoshin kaɗan ne. Jiya na tsinci hannuna yana ninka bakin sau biyu, sai na tsayar da keken.

Ki gaida surukina, da jikana Dogo, da angona ƙarami mai rowa. Yayanki ya fara aiki a masana'antar ranar Litinin, ya ƙi jin magana.

Mahaifiyarki.