Saurar Baba

Litinin, 3 ga Maris

Yau aka kafa turaku masu jan fenti tun daga bakin rafi har bayan makaranta. Wai kamfani zai shimfiɗa farantan hasken rana, tashar lantarki guda. Gonar Baba tana ciki, a tsakiya ma kuwa. Na tashi daga kan keke ban gama ɗinkin mutane ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Taro a makaranta, mun cika aji har taga. Sai yau muka kamo bakin zaren. Bara da masu awo suka zo, sun tarar da Baba a gindin tsamiya, suka tambaye shi wannan filin fa. Ya ce saura ce. Gaskiya ya faɗa, ya bar ta ne ta huta kafin ya sake nomawa. Tafintansu, ɗan birni, ya ji "saura ne", ya juya musu cewa ragowar fili ne, ba mai so. Duk gonar da ke hutawa haka suka yi mata.

Na miƙe na ce wa babban wakilin kamfanin, "Ranka ya daɗe, wanda ya kwanta barci ya zama gawa ke nan?" Aka yi dariya, har da shi. Ni wallahi ba don dariya na faɗa ba.

Asabar, 29 ga Maris

Mun tare hanya, mata a gaba. Motocinsu suka juya. Na dawo murya a dishe, ina ta cika baki.

Laraba, 16 ga Afrilu

Ta bayan rafi suka shigo. An sare tsamiyar.

Lahadi, 11 ga Mayu

Baba ya daina zama a ƙofar gida. Ana ta ƙus-ƙus wai bakinsa ne ya jawo wa kowa, har da Kawu, da ko fartanya bai iya riƙewa ba. Ina share masa ɗaki ya ce, "Auta, da ma gona na ce musu." Na ce ko me ya faɗa sai sun karɓe. Ban san ko haka ne ba. Na shiga bayan gida na yi kuka na ƙoshi.

Talata, 3 ga Yuni

Ruwan farko. Baba ya saɓi fartanya ya tafi har bakin wayar da aka kewaye filin da ita, ya tsaya yana kallon baƙin gilashi jere-jere. Mai gadi ya miƙo masa kujera. Kujera! Zuciyata ta karye.

Juma'a, 13 ga Yuni

An kira taro, ban je ba. Ɗinki ya yi mini yawa.

Na sauko da geron da Baba ya rataye a bangon ɗakinsa don irin shuka, na kai niƙa. Don kar ƙwari su cinye ne kawai. Da na kai masa abinci ya daɗe yana duban ƙusar da ke bango. Sannan ya wanke hannu, ya ja kwanon gabansa.