Dabinon Bana Ya Ƙi Bushewa

Talib,

Na tafi gona kana barci.

Na ji rediyo bayan asuba. Guguwar teku ta nufo gaɓarmu, kuma zafin nan mai gumi ba zai ɗaga ba har ƙarshen bazara. Abin da ka faɗa jiya ne, ba sai ka maimaita mini ba.

Dabinon da muka dafa muka shanya ya fara tsami a kan tabarma. Maƙwabcinmu Halfan ya leƙo ya ce, "Darwish, giya kake haɗawa da tsufanka?" Na ce ya je ya shinshina nasa. Ba wanda ya yi dariya.

Zan sauke dabinon da ya rage a kan itatuwa, ko awaki sa ci. Itatuwan kam, tunda ruwan gishiri ya shiga rijiya a guguwar da ta gabata suke mutuwa a tsaye.

Ka kai mahaifiyarka gidan gwaggonka Zuwaina a kan tudu kafin ruwa ya cika kwari. Kada ka biyo ni.

Sabuwar igiyar hawan dabino da ka sayo mini, mayar wa mai shago. Tsohuwar igiyar ta isa aikin da ya rage.

Babanka