Ranar da Mai Bene Ta Daki Gada

Gummi,
Farkon Satumba.

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da ƙanwata Kausar da duk mutanen gida. Yaya ciwon gwiwar? Yaya gero, ya fara nuna? Allah ya ƙara tsare mana garinmu Zugu daga mutanen daji. Mu nan lafiya lau. Jikarki Basma ta fara tafiya, ba ta barin kwano a inda aka aje shi.

Tun da aka datse layukan waya ban ji muryarki ba, shi ya sa na koma ga biro da takarda, na san Kausar za ta karanta miki. Akwai zancen da nake so ki ji daga wurina kafin matafiya su kai miki shi a karkace.

Kin tuna motar nan da Alhaji Magaji, maigidan su mijina Baban Basma, ya sayo daga Kwatano, mai kujeru sama da ƙasa har da matakala a ciki? Mai Bene ake ce mata. Tun zuwanta direba ɗaya ke tuƙa ta, Raphael, mutumin Kafanchan. Ranar Talata ya tashi da zazzaɓi, sai aka miƙa wa Baban Basma mabuɗi. Kin san shi, shekara da shekaru ƙaramar bas yake ja tsakanin Gummi da Anka, ko akuya bai taɓa bugewa ba.

Ruwan bana ya cinye babbar hanya gab da shiga Anka, motoci na ratsewa ta wata hanyar da ta bi ƙarƙashin tsohuwar gada. Kullum ta nan yake wucewa da ƙaramar motarsa. Ranar ma ta nan ya bi, sai saman Mai Bene ya daki gadar, rufin gaba ya ɓare kamar murfin gwangwani.

Ki kwantar da hankalinki, babu wanda ya rasu. Allah ya sa a hankali yake tafiya saboda taɓo, kuma mutane kaɗan ne a sama. Wadda ta ji ciwo sosai wata ma'aikaciyar jinya ce, Cynthia, da ke aiki a Bukkuyum. Ita ce a kujerar gaba ta sama, an ce tana son kallon gonaki daga can. Ta karye a kafaɗa, gilashi ya yanke ta a goshi.

Shi ko ƙwarzane babu a jikinsa. Amma da ya dawo gida ya daɗe zaune bakin rijiya. Da na matsa masa sai ya ce, "Saude, na ga gadar nan da idona. Hannuna ya bi hanyar da ya saba, na manta da abin da ke bisa kaina."

Ki sa mu a addu'a. Ki gaishe da Kausar da maƙwabta.

Ɗiyarki,
Saude.

Gummi,
Ƙarshen Satumba.

Inna ta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina fata gwiwar ta yi sauƙi. Daddawa da kukar da kika aiko sun iso, Allah ya saka da alheri. Kin tambaye ni me ya sa ban ambaci Yaya Abdulwahabu a takardata ba. Na yi ta kewaye zancen ne, yau dai zan faɗa.

Hukuma ta tsayar da motocin Alhaji gaba ɗaya, ba Mai Bene kaɗai ba, har sai kwamitin bincike ya zauna. Suna can jere a harabar kamfani, ciyawa ta fara fitowa tsakanin tayoyi. Direbobi na zaman banza a gindin dalbejiya, masu tuwon tasha sun rage tukunya. Matan direbobin da muke zumunci da su, in na gaishe su a bakin famfo sai su amsa a taƙaice. Ban ga laifinsu ba, kowacce na da bakin da take ciyarwa.

Kin san Yaya ne mai kula da direbobin Alhaji, kuma shi ya samo wa Baban Basma aikin nan tun muna sabon aure. To, Inna, shi ne ya ba shi mabuɗin Mai Bene a ranar. Baban Basma ya gaya masa bai taɓa tuƙa ta ba. Yaya ya ce mota ai mota ce, ga fasinja sun cika tasha, ya bi hanyar da kowa ke bi.

Shekaranjiya Yaya ya zo, suka zauna a zaure. Na kai musu ruwa, na ji abin da ake faɗa. Yaya na cewa, "In kwamiti ya ji kamfani ne ya ɗora ka kan motar da ba ka sani ba, za su iya rufe mu duka. In laifin direba ne shi kaɗai, gobe a saki motoci. Ka ce kai ka nemi a ba ka ita. Zan san yadda zan yi da kai daga baya." Baban Basma ya ce zai yi tunani.

Ban taɓa ganin Yaya haka ba, ya rame, idanunsa sun faɗa. Na san ba mugunta ba ce, tsoro ne, kuma gidaje da yawa na rataye a wuyansa. Amma mijina ma yana da suna da zai bar wa ɗiyarsa.

Jiya mun je duba Cynthia a gidan 'yar'uwarta. Na yi zaton za a kore mu, sai ga shi ita ce ke cewa a ba mu kujera. Baban Basma ya durƙusa ya roƙi gafara. Ta ce, "Malam, na yafe tun a asibiti. Ni ba na son a ɗaure kowa. Abin da nake so, kada wani ya sake zama a inda na zauna ya ga gada tana tahowa fuskarsa." Tun da muka fito yake juya maganar nan.

Ban ce masa ya yi kaza ko kaza ba. Ki yi mana addu'a, ki yi wa ɗanki.

Taki har kullum,
Saude.

Gummi,
Tsakiyar Oktoba.

Inna,

Sallama da gaisuwa irin ta ɗiya ga uwa. Ina fata an kai gero gida lafiya, kuma hanya ta yi sauƙi. Basma ta yi mura amma ta warke.

Kwamiti ya zauna ranar Litinin. Ban je ba, Raphael ne ya raka Baban Basma, shi ya ba ni labari.

Ya ce tun kafin a tambayi Baban Basma ya miƙe ya ce shi ke riƙe da sitiyari, ya ga gada, bai tsaya ba, kuma babu wanda zai ɗaukar masa wannan. Aka tambaye shi ko an taɓa koya masa tuƙin doguwar mota, ya ce a'a. Aka ce ko ya san tsawonta, ya ce bai sani ba, kuma bai tambaya ba. Sai shugaban kwamitin ya ce, kai ka nemi motar ko ba ka aka yi? Raphael ya ce sai da aka maimaita tambayar. Sannan Baban Basma ya ce, "Ba ni aka yi. Yayan matata ne ya ba ni, mutumin da ya yi mini alheri fiye da kowa a garin nan."

An karɓe lasisinsa na shekara guda. An umarci Alhaji ya sauke Yaya daga kan direbobi. Ba a rufe kamfanin ba, an saki ƙananan motoci sun koma hanya, amma Mai Bene ba za ta sake fita ba sai an auna duk wata gada da ƙofar gari da wayar lantarki da ke kan hanyoyinta, an kuma koya wa direbobi.

Tasha ta dawo da hayaniyarta, matan unguwa sun dawo da fara'a. Ni ce dai na rasa inda zan sa kaina. In na dubi mijina sai in ji ya ƙara girma a idona, in na tuna Yaya sai hawaye. Ran Juma'a sun haɗu a ƙofar masallaci, Baban Basma ya miƙa hannu, Yaya ya wuce. Na je gidansa, matarsa ta ce ba ya nan, ga takalminsa kuwa a bakin ɗaki.

Ban roƙe ki ki goyi bayan kowa ba, Inna. Na dai gaya miki ne don ke kika haife mu, ni da Yaya.

Ɗiyarki mai kewarki,
Saude.

Gummi,
Nuwamba.

Mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da Kausar, da dabbobi. Saƙonki ya iso, na kuma kai wa Yaya nasa ta hannun matarsa kamar yadda kika ce. Ban san abin da kika gaya masa ba, ban kuma tambaya ba.

Alhaji ya rasa waɗanda za su yi aikin awon hanya, don duk direbobi sun koma bakin aiki. Mutum biyu ne kawai ke zaune, kin san su. Ya kira su ya ba su tsohuwar a-kori-kura da doguwar gora wadda aka yanke daidai tsawon Mai Bene, da gwangwanin jan fenti. Yaya ke tuƙi tunda mijina ba shi da lasisi. Duk inda suka ga gada ko waya ta yi ƙasa sai su tsaya, Baban Basma ya ɗaga gora, in ta taɓa Yaya ya shafa alama.

Sun yi hanyar Bukkuyum da ta Nasarawa Burkullu ba mai ce wa wani uffan sai "ɗaga" da "sauke". Ruwan sha ma kowa da jarkarsa.

Jiya suka isa gadar Anka. Baban Basma ya ce da ya ɗaga gorar ko miƙewa ba ta yi ba, ta tokare, saura fiye da kamu ɗaya. Har yanzu fentin motar na manne a jikin siminti, ga ɓaraguzan gilashi a gefen hanya. Yaya ya tsaya ya daɗe yana kallon sama. Can ya ce, "Ashe haka take. Da na zo na gani da idona, wallahi da ban turo ka ba." Baban Basma ya ce, "Ni da na gani ma ai ban tsaya ba, Yaya." Suka shafa alamar tare, ɗaya na riƙe da gwangwani.

Bayan la'asar na ji tsayuwar mota a ƙofar gida, na ji sallamar mutum biyu. Tuwon dawa kawai na yi da miyar kuka, ban shirya wa baƙo ba. Na rasa ko in raba musu kwano, sai na zuba a ɗaya na kai zaure. Ban daɗe da komawa ba na ji Yaya na kira, "Saude, miyar nan ba ta da ƙari?" Na ƙaro musu. Na tarar Basma na kan cinyar Yaya tana jan gemunsa, hannun rigarsa duk jan fenti.

Aikin Yaya bai dawo ba, lasisin ma sai baɗi. Amma gobe da safe shi zai biyo ya ɗauki mijina, saura hanyar Daki Takwas.

Ki gaishe da kowa. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Ɗiyarki,
Saude.