Ganye Ɗaya Daga Furen Inna

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara.

Saƙonki ya iso, cewa kina so a ɗibar miki irin furen bayolet ɗin marigayiya Inna, shunayyan nan mai ratsin fari. Kwana tara na yi ina juya maganar. Ga ganye ɗaya nan na ba direba a kwalin sabulu, na naɗe karan da jiƙaƙƙiyar auduga.

Na san ba kya son dogon bayani, amma ki daure. Ki yanke ƙarshen karan a karkace, ki soka shi a ƙasa mai laushi, cikin ƙaramar tukunya mai huji a gindi. Babbar tukunya hana shi fure take yi. Kada ruwa ya taɓa ganyen, tabo yake bari. A faranti za ki zuba, ki ɗora tukunyar minti ashirin, ki zubar da saura. Yana son taga mai haske, amma ba wadda rana ke duka ba. Ni Talata da Asabar nake taɓa ƙasar da yatsa, in rubuta a littafina. Wataƙila na cika tsanani, ban sani ba.

Haka nake yi masa tun shekara huɗun da na yi ina jinyar Inna, kina can wajen aikinki na asibiti. Ba gori nake yi ba.

Ki gaida yara. Ki huta lafiya.

Yayarki

*

Yayata ta kaina,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, yara ma suna gaishe ki. Ki yafe mini shirun wata goma, kin san ni da biro.

Ganyenki ya kama! Gaskiya ban bi dokokinki ba. Gwangwanin madara na huda na dasa shi, na ajiye a tagar kicin. Ruwa kuwa sai ran da na tuna. Yau da safe na ƙirga fure goma sha ɗaya. Maƙwabciyata tela har hoto ta zo ta ɗauka.

Sai dai Yaya, babu ratsin. Shunayya ne zalla. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ko ɗigon fari babu. Ina ta tunani ko hannuna ne. Ko kuwa don ba na nan ranar da Inna ta cika, shi ya sa furenta ya ƙi ni? Maigidan ya ce, "Ke dai da camfi! Fure ya san wanda ya je jana'iza?" Na yi dariya, amma abin bai sake ni ba.

Ke da ba abin da yake wuce ki, duba littafin nan naki ki gaya mini inda na kuskure.

Sai na ji daga gare ki.

Taki, Auta

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kowa yana lafiya. Wannan ce takarda ta huɗu, ukun farko na yaga.

Goma sha ɗaya, a gwangwanin madara. Na duba littafina tun daga shafin farko: nawa bai taɓa wuce biyar ba. Da na gama karanta wasiƙarki na je na tsaya a kansa ina kallo kamar ya ci amanata. Ranar ban ba shi ruwa ba, kuma Asabar ce.

Ba ki kuskure ko'ina ba. Irin wannan furen, ganyensa ba ya ɗaukar ratsi. Sai ɗan tohon da yake fitowa a gefen gindin uwar, shi ne yake gadonta. Na sani sarai, don sau uku ina dasa ganye suna fito mini shunayya zalla. Ranar da zan aiko miki, toho biyu ne a gindin. Na dube su, na kai reza kan ganye.

Ni nake juya Inna a gado, ni nake yi mata wanka, amma ƙofa na motsi sai ta ce, "Auta ce?" Wata rana ina shafa mata mai a ƙafa ta ce, "Hannun Auta ya fi laushi." Kin zo kwana biyu da leda a hannu, ta yi wata guda tana ba baƙi labari. Ni ban taɓa jin ta ba wani labarina ba. Da kika nemi furen sai na ce a raina, kin tafi da bakinta da zuciyarta, ratsin nan dai ki bar mini.

Ban zaci za ki ɗora wa kanki laifi ba. Kuma ko yanzu ban tabbata ba, nadama ce ta sa ni rubutu ko haushin goma sha ɗayan nan.

Toho ɗaya ya isa cirewa. In kina so, ki faɗa.

Ki yafe ni in za ki iya.

Yayarki

*

Yaya,

Salam. Muna lafiya.

Tun ranar da na buɗe kwalin na ga ganye na gane. Inna ta nuna mini maganar toho tun ina makaranta. Na dasa ne kawai, na zauna jiran ki faɗa da bakinki.

Sunana take kira, gaskiya ne. Amma da ta ji jikinta ya yi nauyi, a waya ta ce mini, "Furen nan na Yayarki ne, kada ki taɓa." Kin zaci ke kaɗai abu ke ci?

Ki bar tohon a jikin uwarsa. Ina zuwa ƙarshen wata, ki cire a gabana. Ban ce na huce ba.

Auta