Kwalta a Kan Jiƙaƙƙiyar Ƙasa

Daren Laraba, tsakiyar damina, 1999

Na kasa cin tuwo. Lissafin da na yi a kwamfuta bai ɓoye komai ba: ƙasar titin Daurawa ta sha ruwa. Idan aka shimfiɗa kwalta yanzu, danshi zai maƙale a ƙarƙashi, zafin bazara kuma ya tsattsaga ta. Amma da sabon kansila ya tambaye ni a gaban jama'a, "Injiniya, akwai matsala?" sai na ce, "Babu, ranka ya daɗe." Tsoro ya kama ni, sai ka ce har yanzu soja ke mulki.

Da yamma maƙwabciyata Malama Rifkatu ta tare ni da murna. "Allah ya saka da alheri, Injiniya. Yaranmu sun huta da taɓo."

Na ce amin, ban iya kallon idonta ba.